Ƙullin Zarge

Baba na tsaye a baranda yana kallon ma'aikata suna fitar da gadonsa ta ƙofar baya. Ɗansa, wanda yanzu kowa ke kira Injiniya, ya ce za a mayar da ɗakin falon baƙi. Manyan mutane sun fara zuwa gidan, ba zai yiwu su riƙa jin tari ta bango ba.

"Baba, nan ma ya fi iska," in ji Injiniya, yana zaro sabon gadon lilo, irin na yadi da ake ratayawa da igiya, daga leda. "Likita ma cewa ya yi iska kake buƙata."

Likitan dai Baba bai taɓa sa shi a ido ba.

Shekara talatin ya yi yana tuƙin babbar mota, yana kwana a irin wannan gadon a ƙarƙashinta, don yaron nan ya yi karatu. Ƙulli kuwa sana'arsa ce ta biyu. Tun Injiniya na ƙarami ya koya masa iri biyu: wanda sai wuƙa ke kwance shi, na kayan da za a yi nisa da su, sai zarge, wanda ja ɗaya ke kwance shi, na kayan da za a sauke a tasha ta gaba.

Baba ya miƙa hannu zai karɓi igiyar.

"Bari, Baba. Ai kai ka koya min."

Injiniya ya tattaro bakin yadin ninki-ninki cikin tafin hannunsa, bai bar gefe ɗaya ya fi wani tsawo ba. Ya matse, ya naɗa igiya sau biyar, kowane naɗi na kwance jikin ɗan'uwansa. Duk da ɓacin ran da yake ciki, sai da Baba ya ji daɗi. Ashe yaron bai manta ba.

Da ya zo ɗaurewa a jikin ƙarfen baranda, sai ya lanƙwasa igiyar, ya zura, ya bar mata jela tana lilo.

"Wannan ai zarge ne," in ji Baba.

"Zai riƙe ka, Baba. Kai ɗin nawa kake?"

* * *

Kwana uku bayan nan, da hantsi, aka yi hon a bakin get. Baba na kishingiɗe, bai jima da samun barci ba. Injiniya ya fito da sauri yana gyara hula.

"Baba, ɗan tashi, baƙi ne suka zo. Ka zagaya baya kafin su tafi, ba za su daɗe ba."

Baba na sauke ƙafa, Injiniya ya ja jelar nan sau ɗaya, ya ja ta ɗaya gefen. Gadon ya zube. Ya dunƙule shi ya ɗora wa tsohon a hannu, barandar ta koma fes kamar ba a taɓa kwana a cikinta ba.

A bayan kicin, kusa da tankin ruwa, Baba ya kifa bokiti ya zauna. Dariyar baƙi na zuwa ta taga. Yatsunsa suka lalubo bakin igiyar, suka yi irin ƙullin nan da sai wuƙa, suka ja shi tam. Ya ɗaga kai yana duban katangar, ko ƙusa ɗaya babu a jikinta da zai rataya gadon.