Ɗaya Cikin Huɗu

Lamba arba'in da bakwai aka ba shi a ƙofar ɗakin gwajin jini, kuma kafin ya kai ga benci takardar ta jiƙe da gumin hannunsa. Tela ne, mutum mai surutu a shagonsa, wanda zai iya riƙe ka da hira awa guda a kan wuyan riga kawai. Amma yau tun da suka shiga motar haya bai ce uffan ba, har yayarsa, malamar lissafi a makarantar sakandare, ta gaji da kallon ƙeyarsa.

"Auta, zauna mana. Ka tsaya wa mutane a ka kamar an dasa ka."

Shekararsa arba'in da ɗaya, ga furfura a gemu, amma a wurinta har gobe Auta ne. Ya zauna a bakin benci.

Sakamakon gwajin jaririyarsa suka zo karɓa, 'yar wata biyu, ta huɗu a gidan. Shi da matarsa duka suna ɗauke da ƙwayar sikila a jininsu, ba su kuma sani ba sai bayan haihuwar fari. Likitan da ya gaya musu a lokacin ya ce ɗaya cikin huɗu ne ke fitowa da ciwon. Uku sun zo, an gwada su, lafiyarsu ƙalau. Tela kuwa da lissafin yadi ya saba: in an ce maka yadi huɗu ne, ɗaya da tabo, ka yanka uku ba ka ga tabo ba, ai ka san inda ya ɓuya. Tun ranar da matarsa ta ce masa tana da ciki ya yanke wa yarinyar hukunci a zuciyarsa, ya haɗiye, bai gaya wa kowa ba. Abin ya ci shi har sai da ya rage ƙugun wandunansa.

"Ka ɗinka mini riga da hannun hagu biyu, na yi shiru," in ji Malama. "Na kira ka sau uku, ka ce keke ne ke ƙara ba ka ji ba. Yau kuma ka ce in raka ka asibiti, ka bar matarka a gida. Faɗa mini abin da ke cikinka."

Ya dubi ƙasa. "Yaya, ai an gama. Takarda kawai na zo karɓa."

"An gama me?"

"Ɗaya cikin huɗu aka ce. Uku sun tsira. Wa ya rage?"

Malama ta cire tabarau, ta dube shi irin duban da take yi wa ɗalibin da ya kwafi amsa har da sunan mai ita. Sai kuma tausayi ya kama ta.

"Wannan ne ya ramar da kai? Shekara guda kana da malamar lissafi a gida, ba ka tambaya ba? Kawo hularka. Akwai maɓalli a aljihunka?"

Tambayar tela ko yana da maɓalli a aljihu ai neman magana ne. Ya zaro cike da hannu, har da zare da guntun alli. Ta zaɓi farare uku da baƙi ɗaya, ta zuba cikin hular, ta girgiza.

"Fari lafiya, baƙi ciwo. Sa hannu, kada ka leƙa."

Ya ɗauko fari. Zai ajiye a kan benci, ta buge masa hannu.

"Mayar. Nan ne ka ɓata. Kai ajiyewa kake yi a gefe, har ya rage baƙi shi kaɗai. Jini ba haka yake ba. Kowane ciki da cikakkiyar hula yake farawa, huɗun nan duka suna ciki. Hula ba ta san wanda ya fito bara ba."

Ya mayar, ya sake ɗauka. Fari. Ya sake, baƙi. Ya sake, baƙi kuma, sai ya yi saurin jefa shi ciki kamar ya ɗauki garwashi.

Malama ta juya takardar lambarsa, ta zaro biro daga jaka. Da ma ita ko a gidan biki aka ba ta biro sai ta buɗe aji.

"Ɗauka huɗu, kowace da maɓalli huɗu. Huɗu sau huɗu sau huɗu sau huɗu, ɗari biyu da hamsin da shida. To ka ɗauka gidaje ne ɗari biyu da hamsin da shida irin naku, kowanne da 'ya'ya huɗu. Nawa ne za su fito duk farare? Uku sau uku sau uku sau uku."

"Tamanin da ɗaya," ya ce, tun ba ta rufe baki ba. A lissafin ka ba a kayar da shi.

"Gida tamanin da ɗaya, ba mai ciwo ko ɗaya. Kusan gida ɗaya cikin uku ke nan. Masu yaro ɗaya kuma, baƙin zai iya faɗawa kan na fari, ko na biyu, ko na uku, ko na huɗu. Hanya huɗu, kowace gida ashirin da bakwai, ɗari da takwas. Masu biyu, hamsin da huɗu. Masu uku, goma sha biyu. Gida ɗaya tak, duka huɗun."

Ya ƙura wa takardar ido. "To mu muna ina?"

"Ku ukunku na fari farare ne. Saura tamanin da ɗayan can, ko ashirin da bakwai ɗin da baƙi ya faɗa kan na ƙarshe. Uku a wajenka, ɗaya a kanka. Ba zan yi maka ƙarya in ce babu tsoro ba, Auta, baƙin yana cikin hula. Amma ba a rubuta sunanta a jikinsa ba."

Wata mata da ke gefensu, riƙe da yarinya siririya mai idanu rawaya-rawaya, ta ɗan muskuta. Ashe tun ɗazu take saurare.

"Gaskiya ta faɗa maka, malam. Ni biyu na haifa, biyun duka da shi. Da aka ce mini ɗaya cikin huɗu, na ce to ni rabon wasu aka haɗa mini." Ta yi murmushi, ta gyara wa 'yar ɗankwali. "Kuma ga mu nan, muna shan magani, tana zuwa makaranta. Ita ce ta biyu a ajinsu."

Malama ta rufe biro, ta ce Allah ya ƙara mata lafiya. Tela ya miƙa wa yarinyar wani maɓalli ja mai ƙyalli, ta karɓa da hannu biyu.

"Arba'in da bakwai!"

Ya miƙe ya nufi inda aka kira lambar. Ma'aikaciyar gwajin tana zaune bayan gilashi, tana laluben ambulan cikin kwali ba gaggawa, kamar ba ran mutum ne a ciki ba. Ya miƙa mata lambar, ta juya ta ga lissafi cike da bayanta, ta dube shi, ba ta tambaya ba. Ta buɗe ambulan, ta bi layi da yatsa.

"Kai ne mahaifin? Ba ta da ciwon. Ko ƙwayar ma ba ta ɗauka ba."

"Ki sake dubawa, don Allah. Ta huɗu ce fa."

"Ko ta goma ce, malam, abin da ke rubuce ke nan. Barka. Na gaba!"

Bai san yadda ya fito baranda ba. Wani sanyi ya sauko masa daga wuya har gwiwa, ya jingina da bango, ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ƙirji. Daɗi ne, tsagwaronsa, irin wanda ya manta akwai shi a duniya. Ya zaro waya ya kira matarsa, bugu ɗaya ta ɗauka.

"Baban yara? Me suka ce?"

Ya buɗe baki, maimakon magana sai kuka ya ƙwace masa, kuka mai sauti, babban mutum a barandar asibiti. Can ɓangaren matar ta ji, ta fasa nata ihun.

"Shi ke nan! Da ma na sani!"

Malama ta fizge wayar. "Ke, rufe mini baki! Yarinya lafiyarta ƙalau, garau take. Mijinki ne dai ba lafiya, yana nan yana tara mana jama'a." Ta saurara, sai fuskarta ta canza. "Kika san me? Maimaita." Ta ƙara saurarawa, ta dafe goshi, ta miƙa masa wayar. "Karɓi. Gida ɗaya ɗalibai biyu, duk sun faɗi darasi ɗaya."

Ya share fuska da hannun riga. "Maman yara, me kika sani?"

"Ai ɗaya cikin huɗu aka ce. Na ƙirga tun ranar da na gane ina da ciki. Na ga kana ta ramewa, na ce aiki ne ya yi maka yawa, kada in ƙara maka."

Shekara guda cur, kwano ɗaya, ɗaki ɗaya, kowa na yi wa ɗan'uwansa dariyar dole.

"Ni ma saboda ke na yi shiru," ya ce.

Ta ja numfashi, sai kuma dariya ta kuɓuce mata cikin kukan. Can bayanta ya ji jaririyar ta farka, ihun uwar ne ya tashe ta, tana tsala kuka iya ƙarfinta.

"Bari in ɗauke ta, sai kun iso."

"A'a, kada ki kashe," ya ce. "Matso da wayar kusa da ita."