Layin Mai a Bayan Jirgin Kawu

Aikin Lujain shi ne duba hotunan Bahar Maliya da tauraron ɗan Adam ke ɗaukowa, tana neman inda mai ya malala. Inda mai ya kwanta ruwa yakan lafa, sai hasken rana ya dawo daban, wurin ya fito a hoto kamar tabo.

Ranar Talata ta ga wani siririn layi kudu da tashar jiragen ruwa. Ta duba jiragen da suka bi ta nan, guda ɗaya ne: ƙaramin jirgin kai kaya na Abdulghani, yayan mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar ubanta. In rahoto ya tafi, ana iya karɓe masa lasisi, shi kuwa ba shi da wata sana'a.

Wasu masu jirage sun ɗauka tsakar rana ce lokacin zubar da dattin inji, wai ƙyallin ruwa yana kashe ido. Wauta ce. Idon mutum yake kashewa, na'urar sama kuwa da wannan hasken take gani.

Lujain ta tura wa hukuma rahoton, kuma daidai ta yi. Bayan la'asar ta tarar da kawun nata a unguwar Mahjar, yana shan shayi a ƙofar gida.

"Ga 'yar leƙen asiri," in ji shi. "Yau wa kika kama?"

Ta durƙusa, ta miƙa masa hoton a wayarta. "Kai ne, Kawu."

Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. "Wannan ɗigon ne jirgina? Kamar kashin ƙuda?"

"Shi ne. Layin ma naka ne."

"Rana fa ta take lokacin."

"Ita ta nuna min, Kawu."

"Kin tura?"

"Na tura." Hawaye suka zubo mata. "Ban so ka ji daga bakin wani ba."

Ya aje kofin. Ta jira ya ce ta bar masa gida. Shi kuwa sai ya sake jawo hoton kusa da hancinsa.

"Ni na kai ki makaranta, kika dawo kina kallona daga sama. Shi ke nan, na zubar, ba zan yi musu ba. Gobe zan je da ƙafata kafin su kira ni." Ya dungure mata kai. "Share hawayen nan. Yalla, maza shiga Ghada ta zuba miki abinci. Amma kar ki faɗa mata tukun. Matar nan tawa ta fi hukuma zafi."