Kwalayen Biskit a Keken Inuwa

Inuwa bai daɗe da barin Gaya ba, yana jan adaidaitar Alhaji Garba, mai sito a Gyaɗi-Gyaɗi. Wata rana da hantsi Alhaji ya sa aka loda masa kwalayen biskit, ya haɗa shi da Austin, mai kula da siton, ya ce su kai Unguwa Uku.

Suna shiga Tarauni suka hango motar kwastan a gindin darbejiya. Austin ya ce a sauke shi zai sayi katin waya. Ya faɗa wani lungu, ko waiwaye babu.

Wata jami'a mai suna Bilkisu ta ɗaga wa Inuwa hannu.

"Malam, me ka ɗauko?"

"Biskit ne, ranki ya daɗe."

Ta ɗaga kwali ɗaya ta jijjiga, ta shinshina, sannan ta farke shi da reza. Taba sigari ce jere reras.

Ta zaro fakiti ɗaya ta kai masa gaban fuska. "Duba, rubutun Faransanci ne, kuma babu hoton gargaɗin da ke jikin ta ƙasar nan. Fasa-ƙwaurinta aka yi. Ta waye ce?"

"Wallahi ban sani ba..."

"Ba sani na tambaye ka ba. Ina ka ɗauko?"

Wayar Inuwa ta hau ruri a aljihu. Ya ciro ta. Alhaji ne. Mutumin da ya ba shi keke, ya ba shi shagon kwana lokacin da bai san kowa ba a birnin nan.

"Ɗauka," in ji Bilkisu. "Sa kowa ya ji."

Muryar Alhaji ta fito ƙasa-ƙasa: "Inuwa, ka ce wani fasinja ne ya bar maka su. Ba ka san ni ba, ka ji ko? Zan fito da kai."

Inuwa ya dubi ankwar da ke ƙugun wani jami'i. Ya kashe wayar.

"Ku biyo ni," ya ce.

Sun iske ana ta kwashe kayan siton zuwa wata bas. Da aka sa Alhaji a mota, bai ko kalli Inuwa ba.

Bayan la'asar aka sallami Inuwa, keke kuwa aka riƙe. Ya je shagon kwanansa, ya tarar an watso masa kayansa waje, an sa sabon kwaɗo. Ya ƙulle su a zani, ya nufi tashar Unguwa Uku, inda wani ɗan garinsu ke dako.