Surko Ce Lamba Sifili

Kwamfutoci takwas ne a ofishin ƙungiyar manoma da ke Birnin Kudu, duk 'yan gwanjo, ba wadda za ta iya aikin ita kaɗai ko da za ta wuni tana nishi. Shi ya sa Lailatu, wadda ke kula da su, ta raba musu. Kowace ta karɓi hotunan gonakin yanki guda, ta auna ɓarnar tsutsa daga ɗaya zuwa goma. In sun gama sai su aika wa juna saƙo bibbiyu, a kwatanta, a riƙe mafi muni, har amsa ta rage guda. Yankin da ya fito, can motar feshi za ta nufa, ƙungiyar kuwa mota ɗaya gare ta.

Ƙa'idar kwatantawar nan sau ɗaya Lailatu ta rubuta ta, shekara biyu baya, ta adana. Manhajar rabon iri da ita take aiki, ta taki ma haka, ta tsutsa ma haka. Ba ƙaramin ji da ita take yi ba, har ba ta ƙara buɗe ta ba.

Ran Talata da hantsi sai ga Musbahu, malamin gona na Basirka ta ƙasar Gwaram, ya sauko daga babur da buhu. Ya zazzage mata ganyen masara a kan tebur, duk ya zama rariya.

"Malama, sau uku ke nan muna kai goma," in ji shi. "Amma kullum mota Surko."

"Na'ura ba ta san kowa ba, Malam Musbahu."

Ya kalle ta. Ya san Surko garin su Lailatu ne, ita ma ta san ya sani, kallon nan kuwa ya fi zagi yi mata ciwo. Cikin fushi ta buɗe ƙa'idar don ta nuna masa gaskiyarta.

Layi goma sha biyu ce kacal, kuma abin yana can a na tara: in yankuna biyu sun yi kunnen doki, a riƙe na kwamfuta mai ƙaramar lamba. Haka aka saba yi, don amsa ta zama ɗaya ko ta wace hanya saƙonnin suka bi. To amma lambobin wa ya raba? Ita ce, ranar da take jona wayoyi. Ba tare da wani tunani ba ta fara da gida, Surko sifili, ta yi ta tafiya har Basirka, bakwai. Ma'auni kuwa a goma ya tsaya. Duk lokacin da abu ya ɓaci ko'ina, kowa goma ne, Surko ce kan gaba. Iri, taki, feshi, damina biyu cur.

Gyaran ba wuya: kowane saƙo ya ɗauko kwanakin da yankin ya yi yana jira, in an yi kunnen doki wanda ya fi daɗewa ya wuce. Wuyar ita ce gonar mahaifinta, Malam Hambali, na cikin waɗanda suka kai goma a wannan makon, kuma ya san gobe mota za ta zo. In ta gyara yau, Surko sai Asabar, tsutsa kuma ba ta jiran Asabar. In ta bari sai jibi, wa zai sani? Musbahu ga shi tsaye yana kallon allon, amma ko harafi bai gane ba.

Ta daɗe hannunta a kan madannai. Ba za a ce ba ta yi kwaɗayin jibin nan ba, ta yi. Sannan ta goge layin, ta rubuta sabo, ta tayar da aikin. Kwamfutocin suka gama aike-aikensu, allo ya nuna Basirka.

"Ka je ka faɗa musu gobe mota na zuwa," ta ce.

Bayan la'asar ta hau acaɓa zuwa Surko, don wannan ba maganar waya ba ce. Ta tarar da mahaifinta a gona da bokitin toka, yana zubawa a tsakiyar kowace masara don kashe tsutsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa komai, har da lambobin.

Ta shirya wa faɗa. Shi kuwa sai ya ajiye bokitin, ya yi ta kallon gonar.

"Takin bara ma haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"Da irin da muka riga kowa samu?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zubo mata.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Damina biyu ina ɗaga hannu ina godiya, ashe haƙƙin mutanen Basirka nake ci."

Ya miƙa mata bokitin.

"Fara daga waccan kunyar. Abin da ya tsira shi ne namu."