Khokh ɗin Sitti

Kakata Maimuna, da muke kira Sitti, tana da bishiya a tukunyar roba. Khokh ce, ɗan itacen nan mai gashi-gashi a jiki da ƙwallo ɗaya a ciki. Wata rana ta sha, ta tura ƙwallon cikin ƙasa ba da wata niyya ba, sai ya tsiro. Yanzu bishiyar ta kai ƙuguna. Muna hawa na uku a unguwar Kudai da ke Makka, kuma tun da ƙafafun Sitti suka ƙi, ba ta sake sauka ƙasa ba. Taga take da ita, sai bishiyar.

Da an ce sanyi ya shigo, sai ta sa in jawo tukunyar daga baranda zuwa ɗakinta. Ta naɗe ta da bargo, ta ba ta ruwa mai ɗumi. Sanyin Makka ma da ko riga biyu ba ya sa mutum. Bishiyar ba ta taɓa fure ba.

Bana jikin Sitti ya ja baya. Ba wanda ya faɗa, kowa ya gani.

"Mijin banza," ta ce min, haka take kirana, "ka gama makaranta, ka kasa sa itace ɗaya ya yi fure. So nake in gani da idona."

Ina tuƙa wa kawuna motar kayan lambu daga Ɗa'if. A Hada, can saman dutse a hanyar Ɗa'if, akwai abokina Ma'aruf da ke aiki a wata gona. Na ba shi labarin bargon. Ya yi dariya har ya dafa mota.

"Bargo? Ku kuka hana ta barci! Khokh sai ta sha sanyi har ƙashi, ta zubar da ganye kaf, sannan ta yi fure. Kawo ta nan ta yi hunturu."

Na faɗa wa Sitti. Ta kalle ni kamar na ce zan kai jariri daji.

"Sanyi ne zai raya ta? A garinmu sanyi tsofaffi yake ɗauka."

"Haka ya ce."

"Shi wane ne, uban itatuwa?"

Ta yi kwanaki tana jan carbi. Ranar Asabar ta cire bargon da hannunta. "Yalla, maza ɗauke ta. In ta mutu, ka nemi wata matar."

Na ajiye tukunyar a jikin katangar gonar, inda iska ke bugawa. Ma'aruf ya kewaye ta da raga saboda biran Hada, waɗanda ba abin da suke bari. Ya ce ruwa kaɗan, sai ƙasa ta bushe. Ban da taki, ban da tausayi.

Duk hawan da na yi sai na leƙa. Ganyen ya yi rawaya, ya yi ja, ya zube. Abin da ya rage sanda ce mai rassa. Na tsaya a hazo, hannuna a hammata, ina kallon sanda.

"Yaya 'yata?" in ji Sitti.

"Ba ganye."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta juya fuska bango. Tun daga nan ta daina ce min mijin banza. Mudassir kawai take cewa, kamar baƙo. Wannan ya fi zagin ciwo.

Na kankare bawon reshe da farce, na ga kore a ƙasa. Na ɗauka a waya na nuna mata. Ta ture hannuna. "Waya ba ido ba ce."

Hunturun ya yi tsawo. Sitti tana raguwa a ƙasa, sandar tana tsaye a sama, ni ina hawa da sauka tsakaninsu. Wani lokaci a kwanar dutse sai in ji haushin Ma'aruf, in ji haushin kaina. Da na bar mata ganyenta ko shi ta riƙa kallo.

Wata safiya na iso gonar hazo bai tashi ba. Ban ga katanga ba sai da na kusa taɓa ta. Na durƙusa zan duba ƙasar tukunya, na ɗaga kai.

Fure. A jikin sandar, ba ganye ko ɗaya, fure ne ke fitowa daga bawon kansa. Launinsa tsakanin ja da fari, kamar tafin hannun jariri, raɓa a kan kowanne. Wancan makon na taɓa reshen nan, busasshe kamar asuwaki. Ina wannan abu yake ɓoye? Na daɗe a durƙushe. Subhanallah kawai bakina ya iya.

Ma'aruf ya zo ta bayana. "Ka gani? Bar ta nan, ƙudan zuma su zo, ta ɗaura 'ya'ya. In ka kai ta zafin Makka ta zauna, furen zai zube, shi ke nan sai baɗi."

"Baɗi," na ce.

Ya kalle ni. Ya kama ɗaya gefen tukunyar.

Na kwantar da kujerar gaba, na ɗaure tukunyar da bel. Na rufe gilashi, na ƙure na'urar sanyi har yatsuna suka sandare. Na sauko Hada kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Na baya suna ta oda, wani ya leƙo ya zage ni da Larabci. Duk kwanar da na sha sai fure ɗaya ko biyu ya faɗo min a cinya.

Na hau bene da ita a ƙirji, ba na ganin matakala. Ƙanwata Manal ta buɗe ƙofa, ta toshe baki.

Sitti tana kwance. Na ajiye tukunyar a bakin gadon. Ta ce a tayar da ita, muka jingina ta da filo. Ta kalla. Ta miƙa yatsa, ta tsaya kafin ta taɓa, ta mayar da hannun. Ina jin motocin tashar Kudai a ƙasa.

"A jikin sanda," ta ce a hankali. "Ba ganye. Ikon Allah." Ta kai hancinta kusa, ta rufe ido. "Ni ina ta ba ta bargo."

Manal ta fara gyara wa tukunyar wuri kusa da taga.

"Wa ya ce ki ajiye?" Sitti ta juyo gare ni. "Shi uban itatuwan, me ya ce zai faru in ta zauna nan?"

"Zai zube. Ba 'ya'ya."

"To me kake jira, mijin banza? Na gani. Mayar da ita kafin rana ta yi zafi."

Na sunkuya na ɗauki tukunyar.