Shaidun Lawali

Da Lawali ya dawo Agadez daga ramukan zinariya na Tchibarakaten, da tari a ƙirji da ƙafa mai ɗingishi, ya rantse ba zai sake shiga rami ba. Ya sayar da zinariyarsa, ya mayar da kuɗin zuwa kirifto, kuɗin intanet, cikin wayarsa, don ɓarayin hanya ba su iya ƙwace abin da ba su gani. Niyyarsa ya buɗe shagon kayan babur, ya tsufa a inuwa.

Manhajar ajiyar kuɗin ta ba shi kalmomin sirri, ta gargaɗe shi da Faransanci cewa duk wanda ya ji su ya mallaki dukiyar. Kawunsa Issouf, dattijon gidan, bai ji daɗin wannan ba.

"Ajiya babu shaidu? In ka mutu gobe, waya ce za ta raba gado? Mahaifinka ko raƙumi zai ba da amana sai ya tara mutane."

"Kawu, an ce sirri ne."

"Sirri daga wa? Daga mu?"

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora shayi. Lawali ya karanto kalmomin a hankali, kawu na gyaɗa kai kamar ya gane. Yayarsa Tabawa ta lura ƴan'uwa na garuruwan Fachi da Tchirozérine ba su halarta ba, kuma za su ce an raina su. Sai ta ɗauki muryar, ta tura cikin gurup ɗin dangi na WhatsApp. Amsoshi suka yi ta shigowa: Allah ya sa albarka, mun shaida.

Ranar da ya je kama shago, ya buɗe wayar, ya tarar babu komai.

"A kai ƙara jandarmari," in ji Tabawa.

"Ƙarar wa?" kawu ya tambaya. "Duk wanda ke cikin gurup ɗin nan jininmu ne. Ki faɗi suna ɗaya, ki ga ko za a sake zuwa sunan ɗanki."

Ba a kai ƙarar ba. Lawali ya haɗa kayansa na komawa rami.

Safiyar da motar Tchibarakaten za ta tashi, dangi suka cika tasha don rakiya, babu wanda ya yi fashi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, yana kallon idanunsu. Kowa ya yi masa addu'ar samun sa'a a rami, kuma ɗaya daga cikinsu, aƙalla, da gaske yake, don ya riga ya ɗanɗana zaƙin sa'ar Lawali.