Teburin Kek Mai Wuya Uku

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ba doguwa ba ce.

Da ɗan tsawo, ku dai gyara zama.

"Ɗaga ta can, Lopeti! Ta can na ce! Kunnen naka ma ya yi ritaya ne?"

Safiyar Asabar ce a unguwar Ma'ufanga ta ƙasar Tonga, hayaƙin ramin gasa nama ya cika tsakar gida, Kalolaine da mijinta kuwa sun maƙale a ƙofar ɗakin kwana da jitar marigayi babanta. Ita ta kama gefe ɗaya, shi ya kama ɗayan, ƙafafun jitar sun tokare ƙofa sun ce ba inda za su.

"Ki kwance ƙafafun mana, Kalo."

"Da suna kwantuwa zan tsaya ina kallon fuskarka? Gishirin teku ya kama su tun Baba na da rai."

Ba irin jitar da samari ke ratayawa a kafaɗa ba ce. Wannan a tsaye take kan ƙafa huɗu kamar tebur, wuyanta uku a kwance a jere, kowanne da tsirkiyoyinsa da irin muryarsa. Nauyi kuwa sai ka ce aladen biki. Maka, baban Kalolaine, shi ya taho da ita daga Honolulu yana saurayi, zamanin da yake kiɗa a jirgin ruwa, kuma duk cikin 'ya'yansa ita kaɗai ta zauna ta koya. Guntun ƙarfe a hannun hagu yana zamewa kan tsirkiya, faratan ƙarfe a yatsun dama, ɗan ƙaramin yatsa na murza maɓallin murya a hankali, har sautin ya taso kamar mutumin da ya fara kiranka daga nesa. Ta taɓa gwada sabuwa a Sydney, da ta je wajen ɗanta. Ga sheƙi, ga rashin nauyi. Ta ja ƙarfe sau ɗaya ta ajiye, ta ce wannan ai sauro ne a gwangwani.

To ina za su da ita? Ɓoye ta za su yi. Me ya kawo ɓoyo? Bakin Lopeti. Ya je wajen shan kava, jiƙon saiwar da maza ke taruwa su sha, kofi ya zagayo, ya hau cika baki cewa duk Tonga ba mai jita irin ta matarsa. Sitiveni na zaune, autan Gwaggo Pasepa, direban tasi mai ido a tsakar ka. Nan take ya duba waya, ya ga masu tara tsofaffin kaya a Amurka da Japan suna sayen irinta da abin da zai canja masa mota. Tun daga ranar yake yi wa uwarsa raɗa.

Yau kuma bikin zagayowar haihuwar Kalolaine, wanda 'ya'yanta na ƙasashen waje suka ɗora mata ba ta roƙa ba. Gwaggo Pasepa, yayar babanta, ita ce fahu, mai kujerar girma. Kun san gwaggo a wurinmu. Abin da idonta ya so a gidan 'ya'yan ƙanenta nata ne. Ba musu, ba ɓata fuska, har godiya ake mata. Bara waccan ta tafi da keken ɗinki. Bara ta yaba labule, aka cire mata, daren nan da farin wata suka kwana a ɗaki.

Lopeti ya share gumi ya ce, "Ni fa ina da dabara."

"Dabararka ce ta kawo mu nan."

"Ki ji mana. Abu mai ƙafa huɗu, me ya raba shi da tebur? A rufe, a ajiye a fili. Ɓarawo ƙarƙashin gado yake leƙawa, ba ya kallon abin da ke gabansa."

Kalolaine ta so ta ƙi, don dai daga bakinsa ta fito. Amma rana na tafiya. Ta ninka tawul ta shimfiɗa kan tsirkiyoyin, ta ce ya ɗora katako, ya rufe da tsohuwar ledar tebur, ya tura lungun madafa, ya jibga tukwane marasa wanki a kai. Ta maimaita masa: lungu, leda, tukwane. Ya ce ai shi ba yaro ba ne. Ta shiga wanka.

Ta fito ta ɗaura tabarmar ƙugu ta kwalliyar biki ta leƙa madafa. Lungu wayam.

Can ta hango teburin nasu a ƙarƙashin rumfa, tsakiyar fili, gaban kujerar girma. An lulluɓe shi da zanen ɓawon itace mafi kyau da take da shi, an ɗora lallausar tabarmar da kakarta ta saƙa, kek mai hawa-hawa na zaune a sama kamar amarya.

"Lopeti." Muryarta ta yi ƙasa, wadda ya fi tsoro. "Mene ne wancan?"

"Matan coci ne. Sun ce teburin da aka aro gurgu ne, wannan kuma tsayinsa daidai. In ce musu me? In ce jita ce?"

"Katakon fa?"

"Ya yi gajere. Na sa babban farantin gashi."

"Tawul ɗin?"

"Shi ke sa farantin rawa, na cire."

Wato farantin ƙarfe a kan tsirkiya tsirara, kek a kan faranti. Wannan ma da sauƙi. Wane ɗan Tonga ne bai san saman kek na fahu ne ba, shi da duk shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa? Mutumin nan ya ɗauki abin da ake ɓoye wa Gwaggo, ya naɗe shi da kayan Gwaggo, ya ajiye a gaban kujerar Gwaggo. Kalolaine ta buɗe baki, sai ga ƙahon tasi a ƙofar gida.

Aka fito da Gwaggo Pasepa, 'yar tsohuwa ƙarama kamar tsuntsu, da sanda da mafici. Kowa ya rusuna. Ta zauna, ta dubi kek, ta dubi tabarma, idonta ya sauka ƙasa inda zane bai kai ba, ya daɗe a can. 

Fasto ya yi addu'a har doya ta huce. Aka buɗe rami, aka jera alade da ganyen gwaza mai madarar kwakwa, aka zuba ruwan kankana. Kalolaine ba ta san me ta ci ba. Duk yaron da ya gifta kusa da kek sai ta bi shi da harara. Sitiveni kuwa ya shiga gida neman banɗaki har sau ba adadi, yana fitowa da yanar gizo-gizo a ka. Daga baya ya ja Lopeti gefe, amma tana jin su.

"Suruki, ina tsohuwar?"

"Ga ta can zaune, yau bikinta."

"Kai dai ka sani. Jitar."

"Au, wannan? An kai gyara."

"Gyara! Kada a taɓa ta! Ko fenti aka shafa mata darajar ta zube. Da tsatsarta suke so!"

Lopeti ya waiwayo ya ƙifta wa matarsa ido, wai ta ga aikin dabara. Ta kau da kai don kada ta yi zunubi a gaban fasto.

Lokacin kek ya yi. Mata biyu suka tashi za su ciro saman su kai wa fahu. Gwaggo ta ɗaga mafici.

"Kada ku wahala. Ku kawo shi da teburin gaba ɗaya. Ƙafafunsa sun yi mini."

Kalolaine ta taso ta zo gabanta. Ta sauka ƙasa ta zauna yadda ake zama gaban gwaggo, ta sunkuyar da kai, ta ce, "An gode, Gwaggo."

"Haba Mama," in ji Sitiveni, "me za ki yi da tebur? Muna da tebur. Ba abin da muka yi magana ke nan ba. Wannan ko but ɗin mota ba zai shiga ba."

"Ɗauko."

Ya kama gefe yana gunaguni, Lopeti ya kama ɗayan. Sitiveni ya ɗaga da ƙarfin ɗaukar tebur, nauyi ya fizge shi, gefensa ya yi ƙasa. Farantin ya zame a kan tsirkiyoyin tun daga wannan kai har wancan, sai wata murya ta fito daga ƙarƙashin zane, siririya, doguwa, tana hawa kamar mai tambaya. Ko lasifika babu, amma duk rumfar ta ji. Kek ya biyo faranti, Lopeti ya tare shi da ƙirji.

Kowa ya waiwayo. Wani kare ma ya daina tauna.

"Yaye," in ji Gwaggo.

Aka yaye. Ga ta nan, wuya uku, fentin ya koɗe inda hannun Maka ya saba kwanciya. Idon Sitiveni ya yi waje.

Gwaggo ta dubi Kalolaine. "Ke a zatonki ban gane ba? Ai ni ƙafafun nan kaɗai na sani. In babanki zai yi kiɗa a zauren rawa, fita nake. Waƙoƙin soyayya ne, ya da ƙane ba sa zama inuwa ɗaya a ji irin wannan. Sai in zaga baya in tsugunna, in leƙa ta ƙasan ƙofa. Ƙafa huɗu na ƙarfe, da ƙafarsa ɗaya tana buga ƙasa. A rediyo ma in an sa shi kashewa ake, don kunya. Har ya mutu ban taɓa ganin samanta ba."

Ta yi fifita kaɗan.

"Tun da aka binne shi nake jira ki ce, Gwaggo zo ki ji. Ina zuwa sai ki ja ƙofar ɗaki ki rufe. Na ɗauki keke, ba ki gane ba. Na ɗauki labule don in ga cikin ɗakin, kika sayo wani."

Kalolaine ta ce a ranta, to bakin fa, na cin kek ne kawai? A fili kuwa ta ce, "A yi haƙuri, Gwaggo."

"Haƙuri ba ya kiɗa. Tashi."

Aka jawo wayar lantarki, aka kawo tsohuwar lasifikar, ta yi gurnaninta na kullum kafin ta yi zafi. Kalolaine ta goge sukari daga tsirkiyoyin da gefen zanenta, tana hararar mijinta. Faranti ya sassauta wasu, ta bi su ɗaya-ɗaya da kunne ta ɗaure. Gwaggo ta ce akwai wata waƙa da yake rufe rawa da ita, rabinta kawai ta taɓa ji, don kullum a nan uwarsu ke zuwa ta ja ta gida da kunne. Ta rera farkon da murya mai rawa.

Kalolaine ta sani. A wuya na can nesa ake yin ta, wanda sai ka miƙe ka ranƙwafa, bayanka ya gaya maka shekarunka. Ta ɗora ƙarfe. Sautin ya taso da kauri da ɗumi, ya yi lilo a ƙarshen kowane layi yadda hannun Maka ke yi, ya ƙi mutuwa da wuri. Matan coci suka ajiye wuƙar kek. Gwaggo ta rufe ido, ƙafarta ɗaya tana buga ƙasa. Da aka zo inda ba ta taɓa ji ba, ƙafar ta tsaya.

Kalolaine ta ɗaga ƙarfe, ta ga hawaye a fuskar tsohuwar, zuciyarta ta yi sanyi. Ta ce a ranta, shi ke nan, ta ji, za ta bar mini.

Gwaggo ta fyace hanci. "To. Sitiveni, sa a mota."

"Yawwa Mama! Akwai wani Bajapane da na riga na..."

"Ka sayar masa da tasinka. Wannan ɗakina za ta. Wanda ya taɓa ko tsatsarta, da ni yake." Ta juyo. "Ke kuma, Laraba da Asabar. Motar garinmu Kolonga a bakin kasuwa take tashi. Ki taho da ƙarfen, ki taho da wuri, ni ba na son kiɗan mai gaggawa."

Kalolaine ta dubi jitar, ta dubi mijinta da kek har gemu, ta sake sauka ƙasa.

"An gode, Gwaggo," ta ce, ta tsakanin haƙora.

Jitar ba ta shiga but ba, a saman tasi aka ɗaure ta, ƙafafu sama. Tana Kolonga har yanzu. Gwaggo Pasepa ta fi son ji a baranda, don haka Sitiveni ke fito da ita ya mayar, motarsa ita ce dai tsohuwar, ya ƙaru da ciwon baya. Lopeti na nan wajen shan kava yana ba da labari cewa dabararsa ta yi aiki, tunda ai Sitiveni bai gano ba. Kalolaine kuwa duk Laraba da Asabar tana cikin motar Kolonga, guntun ƙarfe a jaka, tana mita tun daga kasuwa har ƙofar gida, kuma ba ta taɓa fashi ba. Keken ɗinki da labule ba su dawo ba.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Saman kek ɗin ma Gwaggo ce ta cinye.